Rairayin da Inna Ta Zuba a Gulbi

Na san abin da kuka ji, 'ya'yana. Ba wanda ya taɓa tsayawa gabanku ya faɗa muku, amma maganar ta same ku a gidajen biki da bakin famfo, har ranar da Hannatu ta dawo daga lakkol, wato makaranta, tana kuka, ta ƙi cin tuwo, ta kuma ƙi gaya mini dalili. An ce uwarku ce ta yi wa babanku kurciya, wato asirin da ke korar mutum daga gida ya kasa dawowa, don ta zauna a Yamai ta sa farar riga ta yi aikin Nasara ba mai ce mata uffan. Shekara da shekaru na yi shiru, kuma ina da dalilina. Yanzu wadda nake karewa da shirun nan ta daɗe a ƙasa, babanku ma ya bi ta, ni kuma gwiwa ta fara ƙin tsayuwa. Ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin wadda aka yi a kanta.

A lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Yamai ba ta kai rabin yadda kuka san ta ba, ba a gina gada a kan gulbi ba, wanda zai ƙetare sai ya jira jirgin fito. Muna zaune a Gamkalle, a gidan ƙasa mai ɗaki biyu, bayanmu garake ne na salati da albasa da yakuwa har bakin ruwa. Da safe sai ka ji Zabarmawa masu ban ruwa suna gaisuwar “fofo, fofo” da juna, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana shigowa har ɗaki. Babanku malamin lakkol ne, kowa Mushe Iliya yake ce masa, wato Malam Iliya. Ni kuma na fara da aikin jinya, daga baya aka ɗauke ni a wani ɗakin bincike, labo muke cewa, ƙarƙashin wata Bafaranshiya siririya mai shan sigari kamar ta haɗiye shi, wadda kowa ke kira Madam. Ban taɓa jin daɗin zama kamar na shekarun nan ba, ko da yake kujera ɗaya ce tak a gidanmu.

Sai aka tura babanku Bilma. Ba laifi ya yi ba. Sabuwar gwamnati tana son malamai 'yan ƙasa a kowane lungu, shi kuma ba shi da kowa a buro, wato ofishin gwamnati, da zai goge sunansa. Bilma kuwa ƙarshen duniya ce a wurinmu, can bayan Agadas, a tsakiyar hamadar da akan yi shekaru ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Ina goyon Hannatu a lokacin. Na ɗaure kayana zan bi shi, shi da kansa ya kwance ƙullin, ya ce ba zai kai jaririya inda likita ya fi ruwan sama wuyar gani ba. Ya tafi Dogonduci ya ɗauko mahaifiyarsa don ta zauna da ni. Wannan ita ce kakarku, Inna Tabita, wadda kuka sani tana ba ku ƙuli-ƙuli a ɓoye. Ni lokacin da na san ta, ba ƙuli-ƙuli a hannunta, sai ido mai kaifi da baki mai kaifin da ya fi idon.

Inna ta karɓi bangaskiya da girmanta. Ta taso a gidan da ake bori da tsafi, ta bar su da zuciya ɗaya, amma tsoronsu bai bar ta ba. Tana addu'a da ƙarfi, tana kuma sanin sunan kowane irin sammu da yadda ake haɗa shi. Babanku ɗan farinta ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. “Mai lakkol” take cewa, ko “wancan”. Amma a ajin karatu na matan majami'a, kalmar farko da ta roƙa a koya mata ita ce sunan nan da bakinta ba zai iya faɗa ba. Sauran karatun bai zauna mata ba. Iliya kaɗai take ganewa, ko a ina ta gan shi.

Aikinmu a labo kuwa, Madam tana neman sanin ko akwai mai rai a cikin rairayin hamada inda ba ciyawa ba inuwa. Ba ƙwari ba, wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, bakteri. Mutane sun ɗauka duk cuta ce, alhali yawancinsu ba ruwansu da mutum. Da ta ji an kai mijina Bilma, sai ta yi murna har na ji haushinta. Ta kira shi kafin ya tafi, ta koya masa yadda zai ɗebo mata rairayi: ya ƙona cokali a wuta, ya nemi wurin da ba sawun mutum ba na dabba, ya ɗiba, ya zuba a gwangwanin da aka dafa, ya liƙe bakin da kakin zuma, ya rubuta sunan wurin da sunan wanda ya ɗebo. Gwangwanayen sukan bi ayarin raƙuman gishiri zuwa Agadas, daga can maƙwabcinmu Malam Sani, wani Bamaraɗe direban kamiyo, wato babbar motar kaya, ya kawo su Yamai. Mutumin kirki ne, duk zuwan da zai yi sai ya tsaya a ƙofar gida ya ce, “Matar Mushe, ga tsarabar mijinki. Wasu a kawo musu dabino, ke ƙasa.”

Ni kuwa tsarabar nan ta fi mini dabino. In na buɗe gwangwani na san hannunsa ne ya rufe shi. Mukan dama ɗan rairayin da ruwa mai tsabta, mu shafa a kan 'yan farantan gilashi masu murfi, waɗanda muka zuba wa wani abinci mai daskarewa kamar romon ƙafar sa in ya huce, mu sa a akwatin ɗumi mu jira. Abin da ya fi ba ni mamaki, kowane wuri da mutanensa. Na gindin dutse daban, na kan tudun rairayi daban, na bakin ramin gishiri daban, kai ko cikin cokali ɗaya sai ka sami iri-iri da ba su yi kama da juna ba. Wasu sukan naɗe kansu cikin ɓawo mai tauri su yi barcin shekaru. Wasu suna da launi, ja ko ruwan goro, wanda ke kare su daga rana. Madam ta ce in muka gama aikin da gwangwanayen shekara ta biyu, za ta rubuta shi da sunana a ciki, ta kuma nema mini gurbin karatu a Dakar. Na riga na fara ganin kaina a bakin teku.

Da damina ta kama, Madam ta tafi hutu ƙasarsu, aka kulle ma'ajin labo. Gwangwanayen da Malam Sani ya yi ta kawowa sai na riƙa tara su a akwatin ƙarfena na aure, ƙarƙashin gado, don kada laima ta taɓa su. Na ce wa Inna kayan aiki ne, kada a buɗe. Ban ga abin da zan ƙara a kai ba. A shekarar ma babanku bai zo hutu ba, domin hanya ta yi wuya kuma ba a turo wanda zai canje shi ba. Inna ta daina cin abinci sosai. Takan zauna a ƙofar gida tana kallon arewa, in na gaishe ta ta amsa da hanci.

Wata ranar Laraba na dawo da azahar, na tarar da akwatina a tsakar gida a buɗe, gwangwanaye a warwatse, kowanne an fasa kakin, an wanke, an kife. Inna tana zaune a kan tabarma, zanenta jiƙe har gwiwa, Hannatu a cinyarta. Ba ta ɓuya ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba.

“Inna, mi ya samu kayan ga?”

“Na kai su gulbi,” in ji ta. “Ruwa mai gudu shi ka karya irin wanga abu.”

“Wane abu, Inna?”

“Ke ɗiyag ga, kada ki maishe ni yarinya. A gidan da aka haihe ni na ga ana yin shi. A ɗebi ƙasar sawun mutum, a rubuta sunanai, a liƙe, a aje ƙarƙashin gado. Na ga sunan da idona, a kan kowane ɗaya. Shekara biyu mai lakkol bai taka gidan ga ba. Yanzu na kwance shi, shi dawo.”

Na so in yi ihu, na so in yi dariya, domin rairayin da ta ɗauka na sawunsa ne, ƙa'idarsa ta farko ita ce kada ƙafa ta taɓa taka shi. Babanku yakan yi tafiya mai nisa cikin rana don ya sami wurin da ba sawu. Aikin shekara guda, da wahalarsa, da raƙuma, da kamiyon Malam Sani, duk sun bi ruwa sun nufi Saga, can gangaren gulbi. Na yi mata bayani da Hausar da na iya, ta ce ai dama mai yin abin ba ya rasa bayani. Daga baya na gane ba ranar ta fara ba. Tun makonni kafin nan ta kai maganar wurin zumuntar mata don a taya ta addu'a, kuma kun san abin da aka ba mata ashirin su yi addu'a a kai. Ranar Lahadi na shiga majami'a, matar da muka saba zama tare ta ja jakarta ta matsa.

Madam ta dawo, na gaya mata gaskiya. Ta kunna sigari, ta kashe, ta sake kunna wani. Watanni kaɗan suka rage mata a ƙasar, ba yadda za a sake tara rairayin kafin ta tafi, kuma ba aikin, ba Dakar. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ya fi mini sauƙi. Na shiga bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da babanku ya tafi.

Fasto ya kira ni. Dattijo ne mai hankali, ya yi karatu, ya san me ake yi a labo. Ya ce an zalunce ni, kuma hanyar wanke sunana a buɗe take: za a tara zumuntar mata, Inna ta miƙe tsaye ta ce ta yi ƙarya a kaina, ta roƙi gafara a gaban kowa. Ya ce in je in yi tunani. Ban ɓoye muku ba, zuciyata ta so hakan ƙwarai. Har na tsara inda zan zauna don in ga fuskar mai jakar nan. Amma da na koma gida na tarar da Inna tana surfe, ta rame, wuyanta duk jijiya, tana yi tana duban ƙofa ko wancan zai shigo tunda ta kwance shi. Sai na ga ba ƙiyayya ce ta kai ta gulbi ba. Tsohuwa ce da ta rasa yadda za ta dawo da ɗanta, ta yi abu ɗaya da ta sani. In na tsayar da ita a gaban mata ta ce ta yi ƙarya, ba za ta sake ɗaga kai a Yamai ba, kuma babanku zai dawo ya tarar matarsa ta kunyata uwarsa a cikin majami'a. Na koma na ce wa Fasto a bar maganar.

“Kin san ba za su daina faɗi ba?” in ji shi.

“Na sani, Baba.”

“To, Allah shi ba ki ƙarfin ɗauka.”

Amma ban iya zama gida ɗaya da wadda ke ganina mayya ba. Cikin gwangwanayen akwai ɗaya da ya gangara bayan gado, Inna ba ta gan shi ba. Na ɗauko shi, na ajiye a gabanta, na ce gobe za ta bi ni labo ta ga asirin da idonta, in ta ga tsafi ta kai ni gaban Fasto da kanta. Ta ce za ta je, amma da addu'a a bakinta. Ta ci ɗamara, ta yafa farin mayafinta na Lahadi, muka tafi a ƙasa. Madam ta ba ta kujera, ta ƙi zama. Tana tsaye na fasa kakin, na dama rairayin, na shafa a faranti, na sa a akwatin ɗumi.

“Shi ke nan?” in ji ta.

“Sai jira, Inna.”

Kullum sai ta biyo ni. A buɗe akwati, a duba, ba komai. Ta ga yadda nake haɗa abincin farantin, ina tsinka shi da ruwa har ya zama kamar ba komai a ciki, sai abin ya dame ta, domin Inna ba ta jure ganin ana yi wa baƙo rowa, ko da baƙon ba ya ganuwa.

“In da mai rai ciki, yunwa za ta kashe shi. Ki sa mishi romo na kirki mana.”

Na fassara wa Madam, ta yi dariyar da ban taɓa ji ta yi ba. Ta ce in gaya wa tsohuwa mun gwada hakan tun farko, muka yi ta asara. Abin da ya daɗe cikin ƙishi da yunwa, in ka tashe shi da abinci mai nauyi, yawanci ba ya tashi. Sai da ɗan ruwa, da abinci tsararo, da haƙuri, kaɗan-kaɗan. Inna ta saurara, ta taɓe baki.

Har na fara fid da rai, wata safiya na ɗaga farantin a hasken taga, sai ga ɗige-ɗige kamar kan allura. Wasu ja-ja, wasu ruwan goro, ɗaya fari mai yauƙi. Na ɗauki kaɗan na sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, na nuna wa Inna inda za ta sa ido. Ta daɗe a sunkuye, hannunta ɗaya riƙe da bakin mayafi. Da ta ɗago, ba ni ta kalla ba, gwangwanin ta ɗauka, ta shafa sunan da babban yatsa.

“Waɗanga duka can suke zaune? Inda ba ruwa?”

“Can suke, Inna.”

“Mi suke ci?”

“Kusan ba komai. Jira suke yi.”

Ta ajiye gwangwanin a hankali. A hanyar gida ina goye da Hannatu, da muka kai garake ta ce, “Ki kawo ɗiyar in goya, kin gaji.” Inna ba ta taɓa ce mini ta yi kuskure ba, har ta mutu. Wannan goyon shi ne ban haƙurinta, ni kuma na karɓa. Ta koma ta ce wa matan zumunta su daina addu'ar nan, amma maganar ta riga ta fita daga hannunta. Madam ta tafi ƙasarsu, aka rufe sashenmu, na koma jinya. Dakar ban taɓa ganinta ba sai a hoto.

A shekara ta uku aka sauya babanku. Malam Sani ne ya kawo shi a kamiyo. Da ya sauko ban gane shi ba sai da ya yi murmushi. Ya bushe, ya yi baƙi, idanunsa sun faɗa, kuma maganarsa ta ƙare. Mutumin da ke cika gida da surutu sai ya zauna yana kallon randa. In yara suka yi ihu a waje sai ya firgita. Kafin la'asar labari ya zaga, 'yan majami'a da 'yan Dogonduci suka cika ƙofar gida, wasu da kaji, wata da ƙwaryar tuwo da miya mai mai, ana shirin yanka rago. Ni kaina na ɗora babbar tukunya. Sai Inna, wadda ta yi shekara uku tana jiran ranar nan, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta buɗe hannuwa biyu.

“Kowa shi koma gida. Mun gode. Ba yau ba, ba gobe ba.”

Ta juyo ta sauke mini tukunyar da kanta. Ta dama kunu tsararo, ta zuba rabin ƙoƙo, ta miƙo mini, ba ta kai masa da hannunta ba.

“Ke za ki ba shi,” in ji ta. “Kaɗan-kaɗan, kamar yadda kike yi wa naku na faranti.”

Haka muka yi. Ba baƙo, ba tambaya, ba hayaniya. Da yamma in kai shi bakin garka ya zauna yana kallon masu ban ruwa. Kwanaki suka wuce haka. Ran nan muna zaune, Hannatu tana wasa da gwangwanin nan da ya tsira, sai ya miƙa hannu ya karɓa, ya juya shi, ya ce, “Wannan na gindin dutse ne. Na sha rana kafin in same shi. Ya yi amfani?” Na dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. Na ce masa ya yi amfani ƙwarai.

Bai taɓa sanin inda sauran suka tafi ba. Ni ban faɗa ba, Inna ba ta faɗa ba, kuma ko masu gulma sun ji nauyin Mushe, ba su faɗa masa ba. Gwangwanin kuwa kun san shi. Shi ne wanda nake tara maɓallai a ciki, a kan kabad, wanda Hannatu ta so ta jefar shekaran jiya don ya yi tsatsa. Ku bar shi inda yake. Sunan babanku yana jiki, ko da yake ya kusa gogewa, kuma ba tsatsa ce ta goge shi ba, yatsan kakarku ne.